Rumfar bakin teku: tsakanin rufi, daɓe, ginshiƙi da bango, wane ne gaba?

Hauwa_Samaru:
Assalamu alaikum. Ina gaida iyayena da malamaina na wannan zaure. Ni ɗaliba ce mai karatun zayyanar gine-gine a nan Zariya, kuma a wannan zangon an ba mu aikin zana rumfar shaƙatawa a gaɓar tekun Legas, wadda za ta ɗauki mutum kamar 60 a zaune. Na bi hanyar da na saba, wato na ja layin bango, na yanke ɗakuna, na buɗe ƙofofi da tagogi, sannan na kifa rufi a kai. Da malaminmu ya duba, sai ya ce abin da na kawo gida ne da aka fasa wa manyan tagogi, ya umarce ni in koma in tambayi kaina wane sashe na ginin ne shugaba, wane ne kuma mabiyi, kafin in sake ɗora fensir a takarda. Yau kwana uku ke nan ina juya maganar. A iya sanina harsashi ne ke ɗaukar bango, bango ya ɗauki rufi, ƙofa da taga su biyo baya, ado ya zo a ƙarshe. Shin wannan jerin yana canzawa idan aka je bakin teku? Idan yana canzawa, da wane sashe ya kamata in fara?

Akitek_Kongo:
Wa alaikumus salam, Malama Hauwa. Malaminki ya yi miki gata. Amsar tana cikin sunan abin da aka ce ki zana. Duk Bahaushe ya san cewa rumfa inuwa ce, kuma idan kika shiga kasuwar Sabon Gari za ki ga rumfuna da yawa waɗanda ba su da bango ko ɗaya, amma ba za ki ga guda ɗaya wadda ba ta da rufi ba. Saboda haka rufi ne shugaba, ginshiƙi bawansa ne, bango kuwa baƙo ne da ake gayyata idan an ga buƙata. Ki nemi hotunan rumfar da Francis Kéré, ɗan ƙasar Burkina Faso, ya yi a lambun Kensington da ke Landan a 2017. Ya ɗauko tunaninta daga bishiyar da mutanen garinsu, Gando, suke taruwa a ƙarƙashinta. Rufin ya baje kamar rassa, yana tattara ruwan sama ya zubo da shi ta tsakiya, bangon katako mai launin shuɗi kuma yana tsaye shi kaɗai bai taɓa rufin ba, iska tana wucewa ta tsakaninsu. Ki fara zana inuwar da kike so ta faɗo a ƙasa da ƙarfe 12 na rana da kuma ƙarfe 4 na yamma, sauran sassan za su nemo wurinsu.

Injiniya_Kwarbai:
Ina girmama ra'ayin Akitek, amma ban yarda da shi ba a wannan wuri. A Landan an ɗora rumfar a kan ƙasa mai zama wuri ɗaya, kuma na 'yan watanni ne. Ƙasar bakin teku tafiya take yi. A gaɓar Legas igiyar ruwa tana kwasar yashi daga yamma tana kai shi gabas, kuma tun da Turawa suka gina shingayen duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa tsakanin 1908 da 1912, yashin ya riƙa taruwa a ɓangaren yamma, ɓangaren gabas ya rasa mai cike masa gurbi. Wannan ne ya cinye bakin ruwan Bar Beach a hankali har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello a Victoria Island, kafin a zo a yi cikon Eko Atlantic, wato sabon yankin da aka cike teku da yashi aka samar, da doguwar katangar duwatsun da ke kare shi. Wanda zai yi gini a irin wannan gaɓa, tambayarsa ta farko ita ce a wane tsayi daɓensa zai zauna, kuma me zai riƙe shi ranar da ruwa ya kwashe yashin da ke ƙarƙashinsa. Ni a wurina dandamali ne shugaba. A ɗaga shi a kan turaku da aka kafa har suka kai ƙasa mai ƙarfi, a bar ruwa ya wuce ta ƙarƙashi, domin duk katangar da ta tare igiya, igiyar za ta haƙe gindinta.

TsohonMagini_Birni:
Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. 'Yata Hauwa, na shekara fiye da 40 ina ginin ƙasa a cikin birni, kuma ban taɓa ganin teku ba, don haka ba zan sa baki a maganar ruwan gishiri ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda kuke raba gini gunduwa-gunduwa kamar nama, kuna tambayar wane ne gaba. Idan muna ɗaurin bakan gizo, wato bakan nan da ke ɗauke da rufin soro, ƙafarsa tana tasowa ne daga jikin bango, muna jera azara muna ɗaurewa, kowane ɗauri yana ɗan leƙowa gaba da na ƙasansa, muna bari ƙasar ta bushe kafin mu ƙara, har ƙafa ta wannan gefe ta haɗu da 'yar'uwarta a sama. To ki faɗa mini, a ina bango ya ƙare, a ina rufi ya fara? Azara ɗaya ba ta tsallake abin da ya wuce kamu huɗu ba tare da ta lanƙwashe ba, wannan iyakar ce ta haifi dabarar gaba ɗaya. Mu a wurinmu kayan aiki ne ke faɗa wa magini abin da zai yi. Ki fara sanin da me za ki gina.

Ummu_Fadila:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Abin da ya bayyana shi ne ainihin abin da ya ɗaukaka tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830. Ginshiƙai da bakuna da rufin duk jiki ɗaya ne. Wanda ya je Jos zai ga kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya, wanda Zbigniew Dmochowski, masanin nan ɗan ƙasar Foland, ya yi wa hidima.

Dakta_Tarihin_Gini:
Malama Hauwa, tambayar da aka ba ki tsohuwa ce, kuma yana da kyau ki san cewa jerin da kika zayyano, daga harsashi zuwa ado, jerin yadda ake ɗora gini ne a fili, ba dole ne ya zama jerin yadda ake tunaninsa ba. A 1851 wani masani Bajamushe, Gottfried Semper, ya ce asalin gini abubuwa huɗu ne: murhu, da rufi, da shinge, da tudun da ake ɗora su a kai. Abin da ya sa a gaba shi ne murhu, wato wurin da mutane suke kewayewa su zauna, sauran ukun kuma aikinsu kare shi ne. Ya ƙara da cewa asalin bango saƙa ce, tabarma ko shingen da aka kitsa, kuma ɗaukar nauyi aiki ne da aka ɗora masa daga baya. Duk wanda ya taso a ƙauyukanmu ya ga zana da darni ya san wannan ba sai an karanta masa ba, domin zana tana suturta gida ba tare da ta ɗauki nauyin komai ba.

Daga baya wani mai zayyanar gine-gine Bajamushe, Mies van der Rohe, ya nuna wannan a aikace a rumfar da ya yi wa Jamus a baje kolin Basalona na 1929. Siraran ginshiƙan ƙarfe guda 8 ya jera a ƙarƙashin shimfiɗaɗɗen rufi, bangayen marmara da gilashi kuma suka zama masu nuna wa mutum hanya da inda zai kai idonsa. Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, da zarar an sauke wa bango nauyi, sai ya sami 'yancin yin wani aikin. Ki tambayi kanki mene ne murhun rumfarki. Ni ina ganin a bakin teku murhun yana waje, shi ne layin da ruwa ya haɗu da sama, wanda kowa ya zo kallo.

Injiniya_Kwarbai:
Dakta, a ƙara wa ɗalibar da cewa rumfar Basalona an kwance ta a 1930, ba ta cika shekara ba, wadda ake gani yanzu an sake gina ta ne aka kammala a 1986. Ba a yi ta don ta yi kokawa da gishiri ba. Idan misalin bakin teku ake nema, akwai rumfar De La Warr a garin Bexhill na Ingila, aikin Erich Mendelsohn da Serge Chermayeff, wanda aka buɗe a 1935 da ƙashin ƙarfe da aka yi wa walda. Gini ne mai kyau, amma iskar teku da rashin kulawa sun gajiyar da shi, sai da aka yi masa gagarumin gyara aka sake buɗe shi a 2005.

Alhaji_Mai_Suya_Lekki:
Ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma na yi shekara 11 ina sana'a a bakin ruwa a Legas kafin in dawo gida Tudun Wada, kuma da hannuna na kafa rumfa sau uku. Ta farko na yi mata rufin kwano irin wanda muke sa wa a nan. Damina biyu kawai ta yi, kan kowace ƙusa ya zama ja, kwanon ya ɓule a daidai wurin ƙusoshin, ruwa yana ɗiga a kan gawayi. Ta biyu na ƙara kuɗi na sayi kwano mai kauri, na kuma rufe bayanta da gefe biyu da katako saboda iska tana kashe mini wuta, na bar gaba a buɗe yana kallon ruwa. Wata rana da dare a watan Yuni hadari ya taso, da safe na zo na tarar da rufin gaba ɗayansa, da katakon da ke riƙe da shi, yana kwance can nesa a bayan rumfunan maƙwabta. Turakun suna nan tsaye, ko gezau ba su yi ba. Allah ya kiyaye babu kowa a ciki. Wani kafinta ɗan Badagry ne ya ce mini na ɗinka wa iska aljihu, ta shiga ta gaba ta rasa ta inda za ta fita. Ta uku ya bar mini tazarar kamu ɗaya tsakanin katangar baya da rufi, ya ɗaure kowane katako da ƙarfe maimakon ƙusa, ita ce na bari a tsaye na taho. Malama Hauwa, ki sa wannan a lissafinki.

Injiniya_Kwarbai:
Alhaji ya ba da darasin da ya fi duk abin da na rubuta a sama. Malama Hauwa, ki lura da abin da ya faru da rumfarsa ta biyu. A aji an koya miki cewa nauyi yana sauka ne daga rufi zuwa ginshiƙi zuwa harsashi. A rumfa mai sauƙin rufi a bakin teku, ranar hadari lissafin juyewa yake yi: iskar da ke gudu a saman rufi tana tsotsarsa sama, wadda ta shiga ciki tana tura shi sama, sai rufin ya zama shi ke jan ginshiƙi, ginshiƙi yana jan harsashi. Kuma ƙarfin iska ba ya ƙaruwa daidai da gudunta, idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin ninkawa huɗu yake yi. Wannan ya sa zan gyara maganata ta farko. Abin da ya fi kowane sashe muhimmanci shi ne mahaɗa, wato inda rufi ya kama ginshiƙi da inda ginshiƙi ya kama dandamali, kuma abin takaici nan ne ɗalibai suke barin zanawa sai daren da za a miƙa aiki.

Kuma a mahaɗar ne gishiri yake fara ɓarna. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, yana ratsa kankare a hankali har ya kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa, tsatsar kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma sau da yawa, sai ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Shi ya sa a irin wannan wuri ake so kaurin kankaren da ya lulluɓe rodi ya kai milimita 50 ko fiye, a rage ruwa a kwaɓi, kuma kada a kuskura a kwaɓa da yashin bakin teku wanda ba a wanke ba. Noti da ƙusa a nemi ƙarfe marar tsatsa mai lamba 316, domin mai lamba 304 da ake yin kayan kicin da shi yana yin tabo a iskar gishiri. Kada kuma a haɗa alminiyon da wani ƙarfe daban jiki da jiki ba tare da an raba su da roba ba, saboda idan danshin gishiri ya shiga tsakaninsu ɗayan zai cinye ɗayan. Idan katako za ki sa a inda ruwa ke taɓawa, akwai ekki, wanda aka daɗe ana yin gadojin da jiragen ruwa ke tsayawa a jikinsu da shi, sai iroko a sassan sama.

Bashir_PZ:
Ku gafarce ni in ɗan kauce. Ni abin da ke damuna shi ne, me ya sa ɗalibin da ke Zariya, wanda tsakaninsa da teku tafiyar yini guda ce a mota, zai ɓata zango guda yana zana abin da bai taɓa taka wurinsa ba? Ga madatsar Kubanni, ga kogin Galma, ga dutsen Kufena, duk suna buƙatar wurin zama mai inuwa. Wanda bai taɓa jin yashi mai zafi a tafin ƙafarsa ba, hotunan intanet kawai zai kwaikwaya.

Dakta_Tarihin_Gini:
Malam Bashir, damuwarka tana da tushe, kuma ina goyon bayan cewa duk wanda ya sami hali ya je ya ga wurin da idonsa. Amma ka tuna cewa karatun zayyanar gine-gine a ƙasar nan ya fara ne a Ibadan a 1952, aka dawo da shi Zariya a 1955, tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma waɗanda suka yi karatu a nan sun yi gine-gine a kowane sashe na Najeriya. Demas Nwoko a Zariya ya karanci zane-zane, amma manyan ayyukansa suna Ibadan da Benin, a ƙasar ruwan sama da laima, har aka ba shi lambar yabo ta Zinariyar Zaki a baje kolin gine-gine na birnin Banis da ke Italiya a 2023. Ƙasar nan tana da gaɓar teku ta kimanin kilomita 850. Ban da haka, amfanin irin wannan aiki shi ne ya raba ɗalibi da abin da ya saba. A nan Zariya bango mai kauri ne gatanmu, yana shanye zafin rana ya sake shi da dare, yana tare ƙurar hunturu. A Legas, inda laima take da yawa kuma zafin dare bai yi nisa da na rana ba, abin da jiki ke nema shi ne iska mai motsi, bango mai kauri a can cikas ne. Ba za ka gane cewa fifikon da kake ba bango na yanayin garinku ne ba sai an kai ka inda ba ya aiki.

Hajiya_Binta_Gyallesu:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na lura ana ta korar bango kamar wanda ya yi laifi. Ina so in yi magana a matsayin wadda ta taɓa kai yara bakin teku lokacin da muke zaune a Legas. Rumfar da take a buɗe ta ko'ina tana yi wa matashi daɗi, amma mace mai shayarwa ba ta da inda za ta juya baya, tsohuwa ba ta da abin jingina, yaron da ya jiƙe ba shi da inda za a canza masa kaya. Lokacin sallar La'asar ya yi mana a can, muka rasa wurin alwala da ruwa mai daɗi, muka rasa kusurwar da za mu shimfiɗa darduma ba tare da mutane suna gittawa ta gabanmu ba. Ƙanwata Hauwa, a Legas teku yana kudu, alƙibla kuma tana gabas maso arewa, saboda haka bango guda ɗaya da kika tsayar a wannan kusurwa ba zai tare wa kowa kallon ruwa ba, kuma zai ba masu salla sutura, a bayansa ki ɓoye banɗaki da famfo. Ni ban ce bango ne shugaba ba, amma ban yarda a kira shi baƙo ba. Gidajenmu na cikin birni sun koya mana cewa daga zaure zuwa shigifa zuwa tsakar gida ana shiga ne mataki-mataki, kuma ko rumfa tana iya samun gaba da ciki.

Akitek_Kongo:
Hajiya, na karɓi gyara, kalmar baƙo ta yi tsauri. Amma ki duba, bangon da kika bayyana ba ya ɗaukar rufi, mutane yake yi wa hidima, kuma tsayinsa da wurinsa sun fito ne daga buƙatar mai salla da mai shayarwa. Wannan shi ne abin da Dakta ya kira sauke wa bango nauyi. Zan ƙara da cewa wani bangon ma bai kamata ya wuce tsayin dakali ba, santimita 45, a zauna a kansa, ya kuma tare yashin da iska ke turowa.

Sadiq_Injiniyan_Ruwa:
Tunda ana maganar Legas, ya kamata a ambaci makarantar da mai zayyanar gine-gine Kunlé Adeyemi ya yi a kan ruwa a unguwar masunta ta Makoko a 2013. A can an kawar da harsashi gaba ɗaya, an ɗora ginin a kan gangunan roba kimanin 250, ginin kansa kuma dala ce ta katako mai hawa uku, tsayinta mita 10, inda rufi da bango da ginshiƙi suka zama abu ɗaya, kusan irin abin da Baba ya faɗa game da bakan gizo. Duniya ta yaba da ita. A watan Yunin 2016 ta rushe bayan ruwan sama mai ƙarfi, an yi sa'a an riga an kwashe ɗalibai daga cikinta. Ban kawo wannan don in rage darajar aikin ba, tunani ne mai ƙarfin hali, kuma a cikin tafki take ba a buɗaɗɗen teku ba. Na kawo shi ne don a ga cewa idan sassa suka zama jiki ɗaya, lalacewar ɗaya tana shafar duka.

Hauwa_Samaru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na ajiye tsohon zanen na fara sabo, kuma a wannan karon ban fara da kallon ginin daga sama ba, na fara da yanka shi a tsaye daga ruwa zuwa tudu. Na ja layin ruwa lokacin cikarsa, na ɗaga dandamali a kan turaku sama da shi, na zana mutum a zaune da wani a tsaye, na ja layin idonsu zuwa teku, sannan na sa rufi a inda zai ba su inuwa. Na bar tazara a bayan rufin saboda labarin Alhaji, na tsayar da bangon Hajiya a gabas maso arewa. Abin da ya rage mini shi ne ginshiƙai. Duk inda na sa su a gaba suna yanka kallon teku, idan kuma na janye su baya, rufin yana leƙawa mita 4 babu abin da ya tallafe shi, ina jin tsoron abin da Injiniya ya faɗa.

Akitek_Kongo:
Kin kama hanya. Kafin ki yanke hukunci, ki auna ko kina buƙatar mita 4 ɗin. Legas tana kusa da digiri 6 da rabi arewa da tsakiyar duniya, don haka ko a watan Disamba, lokacin da rana ta fi karkata kudu, tsayinta da tsakar rana yana kusan digiri 60. Ma'ana, leƙowar rufi ta mita 1 tana inuwantar da kusan mita 1.7 na tsayi. Fuskar da ke kallon teku ita ce mafi sauƙin karewa. Wahalar tana yamma, inda ranar La'asar take shigowa a kwance, a daidai lokacin da mutane suka fi cika bakin ruwa, kuma a nan rufi ba ya taimako sai an rataya wani abu kamar asabari. Akwai kuma abin da ba mu saba da shi a nan ba: ruwa da farin yashi suna mayar da haske daga ƙasa zuwa sama, saboda haka cikin rufin, wanda a sauran gine-gine ake rufe shi da silin a manta da shi, a nan shi ne fuskar da kowa zai fi gani. Ki ba shi kulawar da kike ba gaban gida. Game da ginshiƙai kuwa, ni ban ɗauke su abokan gaba ba. Teku ba shi da iyaka, ido yana gajiya da shi, siraran ginshiƙai biyu suna yanka masa firam kamar yadda ƙofar zaure take yanka wa mai zama a ciki hoton titi.

Injiniya_Kwarbai:
Mita 4 zai yiwu, amma za ki biya shi da kaurin ƙarfe da nauyin harsashi, kuma ki sa ginshiƙan baya su zama masu riƙe rufin ƙasa, ba masu tallafe shi kawai ba. Ni da zan zaɓa, zan rage zuwa mita 2.5 in ƙara yawan ginshiƙai sirara.

TsohonMagini_Birni:
'Yata, na ji an karanta mini yadda kika sake zanen, Allah ya yi albarka. Saura abu ɗaya da ban ji kowa ya tambaya ba: wa zai riƙa duba wannan rumfa bayan an gama ta? Mu ginin ƙasa bai taɓa yi mana alkawarin zai zauna shi kaɗai ba. Kafin kowace damina ana hawa soro a duba indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe inda ya zaizaye, kuma mun san abin da ake sabuntawa duk shekara da abin da ake so ya kai jikoki. Azara tana daɗewa saboda gara ba ta cin giginya, yaɓe kuwa an yi shi ne don ya mutu a madadin bango. Dukanmu a garin nan muna tuna ranar Juma'ar nan ta watan Agustan 2023 da wani sashe na babban masallaci ya rufta ana sallar La'asar, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tun daga ranar nake faɗa wa yarana cewa mai gini ya riƙa tunanin ranar gyara tun ranar da yake aza tubalin farko. Idan gishirin nan yana cin ƙarfe kamar yadda Injiniya da Alhaji suka ce, to ki jera sassan rumfarki bisa tsawon ransu. Wanda zai daɗe ki binne shi da ƙarfi, wanda zai mutu da wuri ki sa shi inda hannu zai kai, a kwance shi a sa wani ba tare da an rushe sauran ba.

Sadiq_Injiniyan_Ruwa:
Wannan jeri na Baba ya bambanta da duk waɗanda aka kawo, kuma yana iya saɓa wa na Akitek. Idan aka bi tsawon rai, turaku da dandamali ne a sama, rufi kuwa, wanda aka ce shi ne shugaba, yana cikin abubuwan da za a riƙa canzawa, kamar yadda masunta suke sabunta rufin ganyen kwakwa.

Akitek_Kongo:
Ban ga saɓani ba, Malam Sadiq, domin abin da ya fi daɗewa ba lallai ne ya zama abin da ya fi ba wuri ma'ana ba. Ana canza rufin, amma siffarsa da inuwarsa su ne rumfar. Sai dai na yarda cewa idan za a riƙa canza shi, dole a zana shi gunduwa-gunduwa, kowane yanki mutum biyu su iya sauke shi, kuma wannan zai hana Malama Hauwa yin rufin kankare mai lanƙwasa irin wanda ɗalibai suke so.

Hauwa_Samaru:
Baba, na gode, ban taɓa tunanin ranar gyara ba sam. Yanzu ina da jeri uku a gefen takardata, na ɗaukar nauyi, da na abin da mai zama yake ji, da na tsawon rai, kuma ba su jitu a kan sashe ɗaya ba. Ranar Talata zan kai wa malaminmu su ukun tare da zanen mahaɗar rufi da ginshiƙi a babban sikeli. Injiniya, idan na sa ginshiƙan katako a kan dandamalin kankare, shin in binne gindinsu a ciki ne, ko in ɗaga su a kan takalmin ƙarfe?

Injiniya_Kwarbai:
Kada ki binne su, ruwa zai kwanta a ramin ya ruɓar da gindin. Ki ɗaga su a kan takalmin ƙarfe mai lamba 316, ki bar tazarar yatsu uku tsakanin katakon da daɓe domin iska ta busar da shi, ki ratsa shi da noti biyu waɗanda za a iya kwancewa da sifana. Ki turo zanen nan kafin Talata in duba kaurin ƙarfen.